Saura Kwana Uku a Sa Hannu

"Ina aka kai ta?"

Abin da ya fara fitowa daga bakin Sharhabil ke nan, ko sallama bai yi ba. Yana tsaye a bakin zaure da 'yar jakar goyo a kafaɗa ɗaya, rigar sanyin Amurka har yanzu a jikinsa cikin ranar Kaduna ta ƙarfe biyu. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari fat.

Kawu Sanda, ƙanen mahaifinsa, ya taso daga kan benci yana washe baki, hannuwansa duk baƙin walda.

"Injiniya! Lale da mutanen Amurka!"

"Kawu, an riga an kai ta ne? Wace maƙabarta?"

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya cak a cikin ɗaki. Inna Kaltume, mahaifiyarsa, ta ɗaga labule ta fito da ƙafarta, igiyar awo rataye a wuyanta, garau da ita kamar ba ta taɓa ko ciwon kai ba.

Bara'atu, budurwar da zai aura, tana cikin ɗakin tana leƙe ta taga. Tun hantsi ta baro gidansu na Malali ta zo Rafin Guza, ta tuƙa masa tuwon shinkafa da miyar taushe da hannunta, ta sha lalle har gwiwar hannu. Shekara biyu tana hasko wannan rana. A duk yadda ta hasko ta, Sharhabil yakan ruga ya rungume mahaifiyarsa, a yi kuka, a yi dariya, sannan a ce da ita ta fito.

Bai ruga ba.

Jakar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi. Ya daɗe yana kallon Inna, sannan ya sulale ya zauna a ƙasa, nan gefen famfo inda ake wanke-wanke.

"Inna, ke ce?"

"Ni ce, ɗan nan. Tashi daga cikin ruwa mana."

"Ba ki da lafiya aka ce."

Kawu ya yi 'yar dariya yana sosa ƙeya. "Kai dai bari. Dabara ce ta manya. Alhaji Haruna ya rantse in wata ya ƙare bai gan ka a falonsa ba, zai ba wani 'yarsa. Mun yi kiran duniya, kullum kai sai ka ce takarda, takarda. To, ga shi ka zo. Takardar ta hana ka?"

Sharhabil bai ɗago ba. Muryarsa ta fito a shimfiɗe, babu hawa babu sauka.

"Kawu, ka tuna abin da ka ce mini a waya?"

"Na ce jikin Inna ya yi tsanani, ka bar abin da kake yi ka taho."

"Na ce a ba ni ita, ka ce ba ta iya magana. Na kira wayarta, a kashe. Ranar da Baba ya rasu ina makaranta a Zariya, wa ya kira ni?"

Murmushin Kawu ya fara gushewa.

"Ni ne."

"Me ka ce mini?"

Kawu ya kawar da kai. Kowa ya san ba a gaya wa na nesa mutuwa a waya. Cewa ake jiki ya yi tsanani, ya taho, don kada ya fita hayyacinsa a hanya. Duk wanda aka haifa a garin nan ya san abin da maganar take nufi.

Bara'atu ta saki labulen tagar. Ba ta ji ƙirjinta yana bugawa ba, ba ta ji hawaye ba. Yatsunta kawai ta ji sun yi sanyi.

Daga waje ta ci gaba da jin muryarsa, yana bayani kamar mai karanta sanarwa a rediyo.

"Bizar da nake da ita ta ɗalibi ce. Ɗalibi ba ya aiki a can sai da izini. Lokacin da nake karatu, makaranta ta sa mini hannu na yi horon aiki wata uku a wani kamfanin wutar sola. Sun ji daɗin aikina, suka ce in na gama in dawo. Amma izinin bayan kammalawa daban ne, gwamnati ke ba da shi, kati ne. Shekara ɗaya, mu masu karatun injiniya a ƙara mana biyu. Kafin ka nema, sai makaranta ta ba ka takardar da ta sa wa hannu. Kuma dole kana cikin ƙasar ranar da za ka tura."

"To, ka tura daga nan mana," in ji Kawu. "Ba ga intanet ba? Akwai shagon yaran nan a bakin titi, har fom ɗin aikin soja suna cikewa."

"Ba a turawa daga waje. Ranar Talata ka kira ni. Ranar Juma'a takardar za ta fito. Na je ofishin ɗalibai baƙi, matar da ke kula da mu ta ce in daure kwana uku. Ta ce in na fita yanzu, karatu ya ƙare, ban tura komai ba, ƙofar ta rufe ke nan. Har bakin lif ta biyo ni tana faɗa."

"Kuma ka taho?" in ji Inna.

"Na ce ko jana'iza ban samu ba, in samu zaman makoki."

Kawu ya gyara tsayuwa. "Yanzu ba wani babba da za a gani? Ita matar ba ta da oga? A kira shi, ni zan yi masa magana da kaina. A gaya masa aure ne."

Sharhabil ya tashi, ya ɗauki buta, ya nufi bayan gida. Wandonsa ya jiƙe sharkaf, bai ma lura ba.

Inna ta faɗo ɗaki ta mayar da ƙofa. Ta kama hannun Bara'atu ta matse.

"Bai san kina nan ba. Yana shiga masallaci ki fice. Kuma ki ji ni da kyau, 'yar nan, ko a mafarki kada ki ce da hannunki a ciki. Sanda ya ɗauka, ki bar masa."

Bara'atu ta gyaɗa kai.

Don ita ta kawo shawarar.

Kwana goma da suka wuce, a ɗakin nan, a kan gadon nan, ta zauna tana kuka saboda wa'adin da Abbanta, Alhaji Haruna, ya yanka. Kawu yana cewa yaron nan ba abin da zai ɗago shi daga kan takardunsa. Ita ce ta share hawaye ta ce akwai. Ita ce ta faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, don Sharhabil ya taɓa ba ta labarin kiran Zariya, a wata hira da ya yi mata kuka. Ita ce ta ce a kashe wayar Inna. Da ya kira ta yana haki, ita ce ta ce, "Ka yi haƙuri, ka dai taho," ta katse.

Ya sha yi mata bayanin katin nan a waya. Tana jin sa ne kawai tana duba kalar ashobin biki. A tunaninta takarda ai takarda ce. Ta tashi a gidan da in fayil ya maƙale, Abba yakan ɗaga waya, kafin la'asar ya fito.

Ta bar tuwon a rufe a kula, ta fice ta ƙofar baya.

* * *

Kwana biyu bayan haka Sharhabil da Kawu suka zo Malali.

Alhaji Haruna tsohon darakta ne a ma'aikatar gwamnati, shekara talatin da biyar yana sa hannu da jan biro. Tun farko bai so haɗin ba. Inna Kaltume ce telar gidan tun Bara'atu tana goye, kuma Abba bai taɓa ɓoye cewa ɗan telar gidansa ba tsaran 'yarsa ba ne. Abin da ya sassauto da shi abu ɗaya ne: yaron ya ci tallafin karatu zuwa Amurka da ƙwaƙwalwarsa, har aiki yana jiransa.

Bara'atu ta kai ruwa da lemo ta ajiye, ta durƙusa ta gaishe su. Sharhabil ya amsa yana kallon kafet. Ya rame, babbar rigar da ya aro a wurin Kawu ta yi masa yawa. Ta koma bayan ƙofar da ta raba falo da ɗakin cin abinci, ta tsaya rungume da tire.

Abba ya saurari bayanin har ƙarshe, yana juya tabarau a hannu.

"Tun yaushe doka ta ba ka damar neman wannan kati?"

"Tun saura wata uku in gama, ranka ya daɗe. Har zuwa kwana sittin bayan kammalawa."

"Me ya hana ka nema tun farkon lokacin?"

"Na tsaya gyaran kundin bincikena. Na ga akwai sauran lokaci. Wannan laifina ne."

"Madalla da ka sani. An rubuta takardar roƙo? A bayyana musu cewa lalura ce ta iyali. Zan iya duba maka rubutun."

"Ba su da wurin karɓar irinta, ranka ya daɗe. Ba hukunci aka yi mini ba, ballantana in ɗaukaka ƙara. Ni na fita."

"Kamfanin fa?"

"Sun ce suna so na, amma ba su da ikon ɗaukar wanda ba shi da kati. Akwai bizar ma'aikata da za su iya nema mini, sai dai ƙuri'a ake yi sau ɗaya a shekara, masu nema sun ninka guraben."

"Caca ke nan. Sai me?"

"Sai in nemi gurbin digiri na uku. In na samu, in koma Abuja neman sabuwar biza. In an ba ni, in na gama, izinin aikin zai sake buɗe mini."

"Shekara nawa?"

"Huɗu. Ko biyar."

"In an ba ka."

"In an ba ni."

Abba ya ajiye tabarau a kan tebur. Ya juya ga Kawu Sanda, wanda tun shigowarsa yake zaune a bakin kujera kamar za ta ƙone shi.

"Malam Sanda, rashin aiki ba abin kunya ba ne. Na ga masu digiri uku suna tuƙa Keke Napep a Kawo, kuma ina girmama su. Da wannan ne kawai, da na ce a jira a gani. Amma ni abin da ya tsaya mini daban ne. Ku ne kuka ɗauki waya kuka kashe uwa da baki, tana zaune tana ɗinki."

"Alhaji, ba mu ce ta mutu ba..."

"Kada ka mayar da ni yaro. Ni ma an taɓa yi mini irin wannan kira ina kwas a Legas, na san abin da ake ji a hanya. Gidan da za a zauna a shirya irin wannan ƙarya a kan ɗan cikinsa, me za a shirya wa 'yar wani? Wa ya kawo wannan shawara?"

Tiren ya yi nauyi a hannun Bara'atu. Taku uku ne tsakaninta da tsakiyar falon. Ta ga kanta ta tura ƙofar, ta ji muryarta tana cewa, Abba, tarbiyyar gidanka ce, ba ta Rafin Guza ba. Ta ga komai sarai kamar a talabijin.

Ƙafafunta ba su motsa ba.

"Ni ne, Alhaji," in ji Kawu. "Ni kaɗai. Jahilci ne."

"To, na gode da ka faɗi gaskiya. Maganar aure a dakata. Zan aiko."

Duk wanda ke falon ya san ba za a aiko ba.

Da suka fito, Sharhabil ya tsaya sa takalmi a bakin baranda, daidai tagar da take tsaye. Ya ɗago suka haɗa ido. Ya ɗan yi mata murmushi irin na mai ba da haƙuri, kamar shi ne ya yi mata laifi.

* * *

Ba ta yi kuka ba a ranar, ba ta yi washegari ba. Tana tashi ta yi salla, ta je asibitin da take aikin gwajin jini, ta dawo, ta ci abin da aka ajiye mata ba tare da ta san mene ne ba. Saƙonnin Sharhabil suna shigowa, gajeru. Ya jiki. Kada ki damu. Allah yana sane. Takan karanta ta kife wayar.

Ummanta, Hajiya Maimuna, ta same ta a ɗaki ranar Alhamis tana ninke mayafi ɗaya, ta warware, ta sake ninkewa.

"Ke wai lafiyarki? Da kuka kike yi ma da hankalina ya fi kwanciya."

"Lafiya lau, Umma."

"Ubaidullah yana falo. Abbanki ya ba shi izini."

Ubaidullah ɗan aminin Abba ne, lauya, gidansu a Abakpa. Shekara uku yana jiran a ce masa bismilla. Ba shi da wani aibu da za ta nuna, abin da ya fi ba ta haushi ke nan a da. Yau ko haushin ba ta ji ba.

Ta same shi ya sha shadda ruwan toka, ƙamshinsa ya cika falon.

"Ranki ya daɗe, 'yar darakta. Yau dai na samu biza."

Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya ga fuskarta ya kama kansa.

"Yi haƙuri, wasan bai dace ba. Wallahi na tausaya wa bawan Allahn nan. Na tambayi wani abokina da ya san dokokin can, ya ce da ya daure kwana ukun nan ya tura, ko da ya taho daga baya, da akwai abin kamawa. Amma yanzu..." Ya buɗe tafin hannu. "Ni abin da ya ɗaure mini kai, wane irin mutum ne zai yi wa nasa haka? Ko maƙiyi ai sai haka."

"Wataƙila wanda ya yi bai san haka za ta kasance ba."

"Bai san dokar Amurka ba, na yarda. Amma ya san me ake nufi da jiki ya yi tsanani. Wannan ba ya buƙatar lauya."

Bara'atu ta dube shi sosai, karo na farko tun da ya fara zuwa gidan.

"Gaskiya ka faɗa," ta ce.

Ta tashi, ta ɗauki mayafinta a kan kujera, ta wuce shi ta fita. Tana jin Umma tana ƙwala mata kira daga kicin, ba ta juya ba. A bakin titi ta tare Keke Napep.

"Rafin Guza."

* * *

Bayan la'asar ne, lungun ya cika da hayaniyar masu awara da ƙarar injin markaɗe. Ta samu Sharhabil a zaure, zaune a kan bencin Kawu, ya kwance wata tsohuwar fanka yana goge cikinta da tsumma. Inna ta leƙo daga tsakar gida, ta gan ta, ta girgiza mata kai da ƙarfi. Bara'atu ta yi kamar ba ta gani ba.

"Abba ya san kin zo?" ya tambaya.

"A'a."

"To, ki koma. Kada a ƙara mana wani."

Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ta kalli lallen hannunta da ya fara koɗewa.

"Ranar da ka dawo ina cikin ɗakin Inna."

Hannunsa ya tsaya a kan fankar.

"Tuwon da aka ba ka, ni na tuƙa. Ba Kawu ne ya kawo shawarar ba. Shi cewa ya yi babu abin da zai taso ka. Ni na ce akwai. Ni na gaya masa abin da zai faɗa. Ni na kashe wayar Inna na sa a jakata, a gidanmu ta kwana biyu."

Ta jira ya yi ihu. Ta ma so ya yi. Sai ya ɗauki wani ƙaramin noti ya duba shi a haske, ya ajiye a cikin murfin gwangwani tare da sauran.

"Da na kira ki," ya ce, "kika ce in yi haƙuri."

"Eh."

"Maganarki ce ta tabbatar mini. Ta Kawu na ɗan yi shakka, na ce tsoho ne, yana iya ruɗewa. Da na ji taki, sai na je na sayi tikiti."

Sai a lokacin hawayen suka zo mata, ba tare da sauti ba, suna zuba kawai kamar ba daga idonta ba.

"Na ji tsoro ne, Sharhabil. Abba ya rantse. Na ga wata yana ƙarewa, kai kuma kullum kati, kullum sa hannu. Na ɗauka in ka zo kwana biyar ka koma, ba abin da zai lalace. Wallahi ban san..."

"Na gaya miki. Sau nawa?"

"Ban saurara ba."

"Ba ki saurara ba." Ya gyaɗa kai a hankali. "Amma labarin Zariya kin saurara."

Ta rufe fuska da mayafi.

"Ka zage ni. Don Allah ka ce wani abu. Ka ce ka tsane ni."

"Da zan iya, da na ji daɗi." Ya jingina da bango. "Kin san awa nawa na yi a hanya? Talatin da ɗaya. A jirgin farko na yi mata kuka har wata tsohuwar Baturiya ta ba ni hankicinta. Inda muka sauka canjin jirgi, na samu wani lungu na yi mata addu'a, na yafe mata, na roƙi ta yafe mini. Daga Abuja zuwa Kawo na shirya yadda zan sayar da keken ɗinkinta, da wanda zan ba zannuwanta. Kafin in iso lungun nan na gama binne ta, Bara'atu. Na gama. Yanzu da safe in ta kawo mini koko, sai in dube ta in ji ba komai. Uwata ce, tana raye, ina so in yi murna, abin ya ƙi zuwa. Aikin Amurka ban ma fara jin zafinsa ba. Wannan ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Daga bayan labulen zaure aka ji shessheƙar Inna.

"Zan gaya wa Abba," Bara'atu ta ce. "Yau ɗin nan. Ya ce ba rashin aikin ne ya dame shi ba, ƙaryar ce. In ya san daga gidansa ta fito, ba shi da hujjar hana ka."

"Zai wanke Kawu, wannan ya kamata. Dattijo ya zauna an kira shi maƙaryaci a gaban ɗansa saboda ke."

"Mu fa?"

Ya ɗauki farfelar fankar, ya juya ta da yatsa, suka zuba mata ido har ta tsaya.

"In Abba ya ce ya ba ni ke gobe, ban san abin da zan ce ba. Ba na ce a'a ba ne. Ina duba inda son yake ne, kamar yadda mutum yake laluba aljihu. Na san a nan na ajiye shi."

"Zan jira. Shekara huɗun, ko biyar ɗin."

"Kwana uku aka ce a jira, Bara'atu."

Suka ci gaba da zama, kowa a nasa ƙarshen bencin, hayaniyar lungu tana shigowa tana fita.

Sai hayaniyar ta canja. Masu awara suka yi tsit. Wata baƙar mota mai tsawo ta kutso lungun da ko Keke Napep da dabara yake shiga, ta tsaya daidai ƙofar gidan, ta toshe hasken zauren.

Direba ya zagayo ya buɗe ƙofar baya. Wata doguwar budurwa ta fito cikin baƙar abaya, ba kwalliya a fuskarta, idanunta sun kumbura irin na wadda ta kwana biyu a hanya. Direban ya fara sauke akwatuna, manya guda biyu, da wata jakar kwamfuta.

Sharhabil ya miƙe tsaye. Farfelar ta faɗi daga hannunsa.

"Ilham?"

"Ka bar ɗakinka a buɗe, ka bar wayarka ta can a kan gado," ta ce. Hausarta tsaf take, sai dai harshen ya ɗan lanƙwashe irin na waɗanda aka haifa a waje. "Na kwashe maka komai. Limaminmu ya ce in isar da ta'aziyyar jama'a."

Sai ta ga Inna tsaye a bakin labule, da igiyar awo a wuya. Ta dubi Sharhabil. Ta sake duban Inna. Ba ta tambayi komai ba, da alama mai saurin fahimta ce. Idonta ya sauka a kan Bara'atu, a kan lallen hannunta, ya ɗan daɗe a wurin.

"Ke ce Bara'atu," ta ce. "Ya sha nuna mini hotonki."

Bara'atu ba ta taɓa jin sunan Ilham ba. Ko sau ɗaya, cikin shekara biyu.

Baƙuwar ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna kamar wadda aka koya wa tun tana ƙarama. Sannan ta buɗe jakar hannunta, ta zaro wani shuɗin fasfo na Amurka, ta ɗora a kan bencin, a tsakanin inda Sharhabil ya tashi da inda Bara'atu take zaune.

"Na je wurin lauyoyi biyu kafin in taso," ta ce. "Duka abu ɗaya suka gaya mini. Ƙofar ɗalibi ta rufe, ta ma'aikaci sai an yi sa'a. Saura guda ɗaya, ita ce ta mijin 'yar ƙasa."

Ta juya ga Inna.

"Mahaifina yana cikin mota, Inna. Ya ce a tambaya wane ne waliyyin Sharhabil."